Doki Mai Gudu Ba Linzami: Me Ya Sa Birkin Gaban Tsohuwar Mustang Ba Ya Kamawa?

Yau Amurka muka nufa, wajen motocin nan masu ƙarfin inji na shekarun 1960, irin su Ford Mustang da Chevrolet Camaro da Dodge Charger. Gudu kam akwai shi, tsayawa ce matsalar.

Mu ɗauki Mustang ta 1965. Yawancinsu sun fito da birkin ganga ne a ƙafa huɗu. Birkin faifai a gaba sai wanda ya ƙara kuɗi. Ga kuma injin V8 mai nauyi a gaba. Da ka taka birki, nauyin mota gaba yake komawa, shi ya sa ƙafafun gaba ke yin mafi yawan aikin. Ganga kuwa in ta ɗau zafi, kamunta raguwa yake.

Kuskuren da ake yi shi ne a ruga sayen sabbin kaya tun ba a gano ciwon ba. Tsaya tukuna, ka saurari abin da feda ke gaya wa ƙafarka.

In fedar ta yi laushi kamar soso, iska ce a layi, ko tsohon tiyon roba ne ke kumbura. A cire iskar, a fara daga ƙafar da ta fi nisa da masta. A canza man birkin ma, don ruwa yake sha: sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa zai iya tafasa a wajen 140.

In tana nutsewa a hankali alhali ba yoyo a waje, robobin cikin masta ne suka gaji.

In ta yi tauri kamar dutse a motar da ke da sabo, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, gwada wannan: kashe inji, taka sau biyar, riƙe, sannan ka tayar. Ya kamata fedar ta ɗan sauka. Ba ta sauka ba? Duba sabon da tiyonsa.

Sai an gama da waɗannan ake maganar gyaran ƙari. Na farko fa ba faifai ba ne, masta ne. Na 1965 layi ɗaya gare shi. Tiyo ɗaya ya fashe, birki duka ya tafi. Sai 1967 Mustang ta samu mai layi biyu. In an sa faifai kuma, a haɗa da mastan da ya dace da shi da bawul mai raba ƙarfi, kada ƙafafun baya su riga ƙullewa mota ta juya da kai.

Ko ba ka taɓa ganin Mustang ido da ido ba, gwajin fedar nan zai yi maka aiki a tsohuwar motar gidanku. Yi shi a tsakar gida, ba a kan titi ba.

Wace mota za mu taɓo a shiri na gaba? Ku faɗa mana. Sai mun haɗu.