Ilimin Zamantakewa a Jami'a: Abin da Ya Kamata Iyaye da Ɗalibai Su Sani



Ƴan uwa, duk shekara in sakamakon jarabawar bak ya fito, akan samu yaranmu da ke rubuta sunansu a sashen sosiyoloji na jami'a, kamar wanda ke Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wasu kuma su nufi makarantun koyon aikin taimakon jama'a. Sai hankalin iyaye ya tashi. Wani ya ce ya ji can ake koya wa yara cewa addini ƙirƙirar mutane ne. Wani ya ce shi bai ga abin da yaro zai ci da wannan karatu ba. Tambayoyin duka suna da gindi, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani.

Sosiyoloji dai shi ne ilimin zamantakewa, wato binciken yadda mutane ke zama tare: gida da aure, unguwa da kasuwa, mai kuɗi da talaka, ƙauye da birni. A shekarar farko ɗalibi zai koyi yadda yaro ke shan al'adar gidansu tun yana goye, da abin da ke sa jama'a su yarda da wata ɗabi'a su ƙyamaci wata. Zai koyi dabarun bincike kuma: yadda ake zama a lura da mutane, yadda ake hira da su, yadda ake tsara takardar tambayoyi, da lissafin ƙididdiga. Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012, wadda ta nuna mun haura miliyan 17, irin wannan aiki ne, kuma da ita ake auna yawan azuzuwa da gidajen likita da ake bukata.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Bafaranshe Auguste Comte ne ya yaɗa sunan sosiyoloji a shekarun 1830, amma ɗaruruwan shekaru kafin shi Abdurrahman Ibn Khaldun ya riga ya share fagen. An haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, kuma ya riƙe muƙamin babban alƙalin Malikiyya a Misra. A 1377 ya rubuta Muƙaddima, inda ya kafa abin da ya kira ilmul umran, ilimin zaman ɗan Adam. Ya nuna yadda asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan jama'a, ke kafa mulki, da yadda jin daɗi da holewa ke kassara ta bayan ƴan tsararraki har mulkin ya rushe. Ya kuma koyar da cewa kada a karɓi labari don an ji shi daga babba, sai an gwada shi da yadda rayuwar mutane take gudana.

Fiƙihunmu ma yana neman wannan sani. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya jaddada cewa hukuncin da aka gina kan al'ada yana sauyawa in al'adar ta sauya, kuma bai kamata mufti ya ba baƙo fatawa ba sai ya tambayi al'adar garinsu. To, sanin al'adar gari da halin mutanensa ai shi ne abin da ɗan sosiyoloji ke koyo.

Sai dai mu faɗi gaskiya, tsoron iyaye ba na banza ba ne. Yaro zai haɗu da manyan malaman wannan fanni na Turai, kuma da yawansu ba su yi imani da wahayi ba. Comte yana ganin addini mataki ne da hankalin ɗan Adam zai wuce. Karl Marx yana ganinsa abu ne da ke lallashin talaka ya haƙura da zalunci. Emile Durkheim, a littafinsa na 1912 kan addini, ya tafi a kan cewa jama'a ce tushen abin da mutane ke tsarkakewa. Dole ɗalibi ya karanta waɗannan, ya rubuta su daidai ranar jarabawa. Mu ma a zaure muna karanta maganganun Mu'utazilawa a littattafan tauhidi don mu san su, kuma malamai sun ce mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne.

Ga ma'aunin da muke ba ɗalibanmu. Ku riƙa rarrabe siffantawa da hukuntawa. In malamin jami'a ya ce bincike ya nuna saki ya yawaita a unguwa kaza, ya kawo dalilai kamar tsadar haya da doguwar tafiyar maza ci-rani, wannan siffantawa ce, a duba hujjarsa, in ta tsaya a karɓa. In kuwa ya ce saboda haka aure ba shi da amfani, ko wahayi babu shi, ya fita daga gonarsa, don takardar tambayoyi da ƙididdiga ba su iya tabbatar da gaibu, ba su iya kore shi. Halal da haram daga Littafi da Sunna ake ɗauko su. Yaron da ya riƙe wannan bambanci, kuma bai yanke zuwa karatun zaure ba, insha Allahu zai fito da ilimi biyu a hannunsa.

Shi kuma aikin taimakon jama'a, wanda Faransanci ke ce wa mai yinsa asistan sosiyal, shi ne ɓangaren aiki. A matsayin sana'a ya taso a Ingila da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Jane Addams ta buɗe gidan taimako na Hull House a unguwar baƙin haure ta Chicago a 1889, Mary Richmond kuma ta tsara yadda ake binciken halin mabukaci a littafinta na 1917. Mu kuwa muna da zakka mai rukunin masu karɓa takwas a Suratut Tauba, da waƙafi, da diwanin da Sayyidina Umar ya kafa don a san wanda ya cancanci rabo daga baitulmali. Abin da sau da yawa muke rasawa shi ne tsari da bin sawu.

A ɗauki misalin matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Masallaci zai tara mata jika goma da buhun hatsi, Allah Ya saka wa masu bayarwa. Bayan wata guda hatsin ya ƙare. Wanda ya koyi aikin zai je gidan ya zauna da ita: yaran suna da takardar haihuwa da za a sa su makaranta? An raba gado, ta sami haƙƙinta? Akwai mai ciwo a cikinsu? Wace sana'a ta iya? Sai ya haɗa ta da inda ya dace, ya komo bayan wata uku ya ga yadda ake ciki. Ana koya masa rufin asiri da neman izini kafin tambaya, kuma addininmu ya riga ya hana tajassusi da tona asirin musulmi.

Ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, akasarinsu mata da yara daga yankin Kantche. Mun yi wa'azi, kuma wa'azi wajibi ne. Amma me ke fitar da uwa da goyonta ta ratsa hamada? Ƙarancin gona ne, ko bashi, ko ganin abin da maƙwabciya ta dawo da shi? Amsar tana bukatar mai zuwa ƙauye ya zauna da mutanen da harshensu. Akwai cibiyoyin bincike irin su LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, masu irin wannan aiki, kuma ya kamata a samu yaranmu masu tsoron Allah a cikinsu. Muna ganin wannan yana cikin farillan kifaya: in babu mai yi a cikinmu, nauyin yana kan kowa.

Game da abinci kuwa, kada a yi wa yaro alkawarin da ba a da tabbas. Lisans shekara uku ce, kuma masu ita da yawa suna zaman jiran aiki. Ana ɗaukar wasu a ma'aikatun gwamnati, da gidajen likita, da kotunan yara, da ƙungiyoyin agaji, galibi waɗanda suka iya ƙididdiga da kwamfuta da rubuta rahoto mai tsabta. Don haka ɗalibi ya dage da waɗannan tun shekarar farko, kada ya tsaya ga haddar sunayen Turawa.

Shawararmu ga iyaye ita ce in yaro ya zo hutu a tambaye shi abin da aka koya masa, in shubuha ta shige masa a kai shi wurin malami ba tare da zagi ba. Ku kuma ɗalibai, kwamitin zakka na masallaci yana bukatar mai tsara sunayen marayu da zawarawa da gajiyayyun unguwa, ya riƙe sirrinsu. Ku fara gwada karatunku a nan.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuri'a. Wallahu a'alam.