Launin da Shekaru Ke Yi wa Anini, da Wanda Hannu Ke Shafa Masa

  Shirinmu na musamman na yau a kan tsofaffin kuɗi ne, irin waɗanda ko ashana ba za su saya maka ba a kasuwar yanzu, amma har gobe ba a rasa su a ƙasan adakar tsohuwa ko cikin gwangwanin da aka manta da shi a lungun ɗaki. Ina nufin anini da ɗari da kwabo mai huji, da taro da sisi da sule. Launin jikinsu za mu duba, domin a wajen masu tara tsofaffin kuɗi na duniya, launin nan kaɗai yana iya ɗaga darajar kwabo, yana kuma iya kashe ta.

(KIƊA)

Kakanninmu da wuri suke cin kasuwa. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka fito da kwabo da anini, anini goma kwabo ɗaya, don a samu ɗan ƙaramin kuɗin da zai ture wuri a wajen sayen goro da daddawa. Duk wanda ya taɓa riƙe su ya san kamanninsu: huji a tsakiya, tauraro mai tsini shida a gefe guda, ga kuma rubutun Larabci a ɗaya gefen. Aninin farko da alminiyam aka buga shi, sai aka ga ba ya jure yanayin ƙasar nan, yana saurin zagwanyewa. Don haka daga 1908 aka koma buga shi da gamin jan ƙarfe da nikel, kashi 75 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 25 nikel. To, wannan gamin shi ne dai wanda Amurka take buga ɗan kuɗinta na santi biyar da shi tun 1866, wanda su can suke kira nikel. Ke nan gardamar da suka daɗe suna yi a kan launin nikel ɗinsu, wadda za mu ji nan gaba, ta shafi aninin da ke adakar kakarka.

Sabon anini fari ne fat, yana ɗaukar ido. Da ya fara shan iska, jan ƙarfen da ke jikinsa zai riƙa haɗuwa da abin da ke cikin iskar, musamman sinadarin farar wuta, wadda muka sani a teburin 'yan koli. A hankali wata siririyar fata take rufe fuskarsa. Idan haske ya sauka, wani ya dawo daga saman fatar, wani ya ratsa ta ya dawo daga jikin ƙarfen, haɗuwarsu ce take ba ido launi, kamar dai yadda ɗigon baƙin mai yake yin bakan gizo a kan ruwan kwata. Kaurin fatar ne ke yanke launin da za a gani. Tana siririya sai ka ga ruwan zuma, ta ƙara kauri ya koma ja-ja, sannan shunayya, sannan shuɗi, in abin ya yi nisa ya zama baƙi ƙirin. Azurfa ta fi saurin kama launi. Gamin nikel kuwa mai taurin kai ne, yawanci ba ya wuce toka-toka, ko ɗan ruwan zuma, ko shuɗi mai haske ƙwarai.

Inda kuɗi ya kwana, nan yake samo kamanninsa. Ka samu aninai da aka shiga da zare aka ɗaure tam shekara da shekaru, ka kwance su a kan tabarma. Na bakin zaren, na farko da na ƙarshe, za ka tarar sun yi duhu. Na tsakiya kuwa fuskokinsu da sauran haske, saboda sun manne da juna iska ba ta samu shiga ba, sai da'irar baki-baki da ta zagaye gefensu, tana shiga ciki tana dusashewa. A bakin hujin kuma ga santsin da zare ya ci. Wanda ya daɗe a lalitar fata daban yake, sau da yawa akwai wani kore-kore mai danƙo da ya maƙale tsakanin haruffa. Wanda aka binne a tukunya ƙasa ta taɓa shi, shi kuma yakan fito ja-ja mai duhu, fuskarsa da kaushi, har mutum ya rantse ba farin kuɗi ba ne. Babu wanda ya zauna ya tsara waɗannan launuka, shi ya sa mai ido yake iya karanta inda kuɗin ya yi zamansa.

A Amurka, masu tara kuɗi sun daɗe suna jera su a cikin wasu littattafai na kwali masu ramuka. Kwalin nan yana da farar wuta a jikinsa, saboda haka bayan shekaru ashirin ko talatin sai a buɗe a tarar launi ya faro daga gefen kuɗin ya nufi tsakiya, zobe bayan zobe. Idan ya yi kyau, masu saye sukan biya ninkin kuɗin irinsa fari. Inda riba take kuwa, ba a rasa mai neman gajeriyar hanya. Sai aka samu waɗanda ake yi wa laƙabi da likitocin kuɗi. Wani ya turara kuɗin da farar wuta, wani ya rufe shi a kwano da gwaiduwar dafaffen ƙwai, wani ya gasa shi a wuta, wani ya busa masa hayaƙin taba. Abin da shekara talatin take yi, su yi shi kafin shayi ya huce. Kuma ba don ado kawai suke yi ba. Galibi akwai abin da ake son ɓoyewa: ƙarzuwa, ko tabon wanki, ko wurin da aka cike.

Dabarar canza wa nikel launi ma ta girmi wannan kasuwa. A 1883 Amurka ta fito da sabon santi biyar mai harafin V babba a bayansa, wato biyar a lissafin Rumawa, amma ba a rubuta ko biyar ɗin mene ne ba. 'Yan damfara suka riƙa shafa masa ruwan zinare suna miƙa shi a kanti a matsayin dala biyar ta zinare. Shekarar ba ta ƙare ba sai da hukuma ta ƙara kalmar santi a jikinsa.

(KIƊA)

To yaya ake gane na Allah da na shafe? Masana sukan riƙe kuɗin ta gefe a ƙarƙashin fitila guda, su riƙa karkata shi a hankali. Launin shekaru yana zaune ne a jikin ƙarfen, ƙyallin asali yana ratso shi yana juyawa tare da hannunka. Na shafe kamar a sama yake yawo, ƙarƙashinsa a mace. Launin shekaru yana girmama tudu da kwari: saman haruffa daban, ƙasan fili daban, wani lokaci har ka ga ɗan farin layi a gindin harafi inda launin bai kama ba. Na shafe yakan bi ta kan komai bai ɗaya, ko ya taru dabbare-dabbare inda ruwan magani ya tsaya ya bushe. Sannan akwai jerin da muka ambata, daga ruwan zuma zuwa shuɗi. In ka ga shuɗi ya faɗo kusa da fari ba tare da ya bi ta matakan da ke tsakani ba, akwai magana. Abu mafi sauƙi kuma: kwabon da ya sha hannu har rubutunsa ya shafe, a ce kuma yana walƙiya da shunayya da kore kamar wuyan tattabara, wannan abin tuhuma ne. Kuɗin da ya yi yawon kasuwa toka-toka yake zama.

Akwai kamfanoni biyu a Amurka da suka yi suna wajen tantancewa, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Suna ba kuɗi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi a ɗan akwatin roba. In sun yi shakkar launinsa, sai su hana shi maki, su rubuta a jiki, nan take farashinsa ya faɗi. Amma su ma ba annabawa ba ne. Fatar da ƙwai ya yi da wadda kwali ya yi, a ilimin sinadarai kusan abu ɗaya ne. Mutumin da ya sa kuɗinsa a tsohuwar ambulan da gangan, ya ajiye a taga shekara biyar yana jira, na Allah ya yi ko na shafe? A ganina niyya ce ta raba su, niyya kuwa ba ta fitowa a madubin ƙara girma. Abin da masu tantancewa suke hukuntawa a zahiri shi ne ko launin ya yi kama da wanda shekaru suka saba yi.

Mu a nan yammacin Zamfara, gaskiya, likitan kuɗi ba shi ne damuwarmu ba. Tsabtarmu ce take yi mana ɓarna. Da an ji jita-jitar cewa ana sayen tsofaffin kuɗi, sai a ɗauko toka da lemun tsami, ko ruwan tsamiya da yashi, a dirje anini har ya yi fes, wai don ya yi kasuwa. Wannan dirzar takan kwashe fatar shekaru, ta haɗa da ƙyallin asali, ta bar dubban ƙananan ƙarce waɗanda ba sa gyaruwa. Ina jin sabonmu da zinare ne ya jawo haka. Dillalin zinare a Bagega ko a kasuwar Anka bai damu da fuskar kaya ba, zai goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli, cikin ƙarfen yake saye. Mai tara tsofaffin kuɗi kuwa fuskar yake saye, domin ƙarfen anini kansa bai kai komai ba.

Kuma tunda zancen wuta da ruwan magani ya shigo, a yi hattara. Yankin nan bai manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara ɗaruruwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. A zamanin Turawa an sha yin sulallan jabu, har a 1938 aka fara tsaga wani kwari a gefen sule don a wahalar da masu yi, kuma ba ka san da irin ƙarfen da aka zuba na jabun ba. Kada a gasa tsohon kuɗi a murhun girki, kada a bar yaro ya sa shi a baki.

Batun farashi kuwa, kada wani ya sayar da akuya ya shiga mota. Gaskiya ne a 2018 an sayar da wani nikel na Amurka mai shekarar 1913 sama da dala miliyan 4, amma irinsa biyar kacal aka sani a duniya. Anini da kwabo mai huji miliyoyi aka buga, yawancinsu araha ne ko a Landan. Wanda bai sha hannu ba, kuma ba a taɓa wanke shi ba, shi ke da ɗan abin faɗa. In kana da su, riƙe su ta gefe, kada ka danna yatsa a fuska. Nisanta su da danshi da hayaƙin madafa, kada kuma ka naɗe su a leda mai laushi, domin wata ledar takan bar musu koren danƙo.

Sannan ka karanta abin da ke jiki. Wasu suna da ɗan harafin H ko KN, alamar masana'antu biyu na Birmingham da suka buga su. In ka ci karo da mai shekarar 1936, duba sunan sarkin. Akwai masu sunan Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarautar Ingila a watan Disambar shekarar, tun kafin a saki kuɗi mai hotonsa a ƙasarsa. Namu da yake huji ne a tsakiya, ba a buƙatar hoto, suna kawai aka rubuta, don haka suka fita suka shiga kasuwanninmu aka yi ta sayen gishiri da su.