Allon Sanarwa na Cikin Kwamfuta

A bakin ofishin hedimasta akan rataye allo, a riƙa manna takardun sanarwa a kansa. Wanda ya zo ya karanta, mai magana kuma ya manna tasa. Ku 'yan makarantun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk kun san irin wannan allo. To, an taɓa yin irinsa a cikin kwamfuta, tun intanet ba ta shiga gidajen mutane ba.

Kwamfuta ba ta iya aikin kome sai an ba ta umurni. Jerin umurnin nan shi ake kira manhaja. Da ƙananan kwamfutoci suka fara shiga gidaje a Amurka, wajen 1977, manhaja ba ta da yawa, ta sayarwa kuwa ga tsada. Saboda haka masu kwamfuta suka kafa ƙungiyoyi, kowa ya rubuta tasa ya ba 'yan'uwa kyauta, a kaset ko a faifai. Amma fa sai an sadu, ko kuwa a aika ta gidan waya.

A watan Janairu na 1978 dusar ƙanƙara ta rufe birnin Shikago na Amurka, ta hana mutane fita. Sai waɗansu abokai biyu, Ward Christensen da Randy Suess, suka yi shawara su haɗa kwamfuta da wayar tarho, ta zama allon sanarwar ƙungiyarsu. Christensen ya rubuta manhajar, Suess ya harhaɗa na'urar. Ran 16 ga Fabrairu, 1978, allon ya fara aiki, suka sa masa suna CBBS.

Ga yadda abin yake. Wayar tarho sauti kaɗai take ɗauka. Don haka aka yi wata 'yar na'ura, modem, wadda ke mai da rubutun kwamfuta sauti, ya bi waya, ta can kuma ta sāke mai da shi rubutu. Mutum ya buga lambar allo, ya karanta saƙonnin da aka bari, ya bar nasa. Allunan da suka biyo baya har da rumbun manhaja gare su: ka kwafi wadda kake so, ka zuba taka.

Aikin yana bukatar haƙuri. Modem na lokacin harafi 30 take aikawa a daƙiƙa guda, watau shafi mai harafi 1,800 sai ya ci minti ɗaya cur. Yawancin allunan kuma layi ɗaya gare su. In wani yana kai, sai ka jira ya sauka.

A 1982 Andrew Fluegelman ya fitar da manhajarsa PC-Talk, ya yarda kowa ya kwafa, wanda ya ji daɗinta ya aiko da ɗan abin da zai taimaka. A 1984 kuma Tom Jennings ya ƙago FidoNet, inda alluna ke kiran juna da dare, sa'ad da kuɗin waya ke da sauƙi, su miƙa saƙo gari zuwa gari. A hankali har ta iso Afirka.

Allunan nan ba su yaɗu a ƙauyukanmu ba, domin kafin 2001 layukan tarho a Nijeriya duka ba su da yawa, yawancinsu kuwa a manyan birane suke. A 2001 wayar salula ta GSM ta zo, a lokacin kuwa intanet ta riga ta ture allunan.

Amma halin da suka koyar bai mutu ba. Har yanzu akwai masana da ke rubuta manhaja su ba duniya kyauta, wani ya gyara, wani ya ƙara, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai ku lura: manhajar kyauta ita ce wadda mai ita ya yarda a kwafa. Wadda bai yarda ba, hakkinsa ce.

Tambayoyi
1. Mece ce manhaja?
2. Su wane ne suka kafa CBBS, a wace shekara?
3. Mene ne aikin modem?
4. Me ya sa allunan FidoNet ke kiran juna da dare?