Ko Kun Sani? Duwatsun Riruwai

Duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa, kudancin jihar Kano, gindin wani tsohon dutse ne mai aman wuta. Kimanin shekaru miliyan 170 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya huda tsohon dutsen da yawancin ƙasar Kano ke zaune a kai, wanda ya haura shekaru miliyan 500, ya daskare a zagaye kamar zobe. Ruwa da iska suka cinye samansa, gindin ya saura. Daga nan kuzar Riruwai ta samo asali, irin ta Jos. Abin ban sha'awa, dangin waɗannan duwatsu sun jeru har Azbin ta Nijar, kuma na arewa sun girmi na kudu.