Yadda ake miƙa jirgin sama hannu da hannu

Idan jirgin alhazai ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, mukan ɗaga kai mu bi shi da kallo har ya shige gajimare. Shin ko kun san tun daga tashinsa har saukarsa a Jidda akwai masu lura da shi daga ƙasa, kuma kowa da iyakarsa?

An rarraba sararin samaniyar duniya yanki-yanki. Na Nijeriya sunan Kano yake amsawa, kuma hukumar NAMA ce ke kula da shi daga cibiyoyi biyu, Kano da Legas. Yankunan Yamai da Injamena kuwa suna hannun hukumar ASECNA mai hedikwata a Dakar.

Kafin jirgi ya tashi, sai an cike takardar tsarin tafiyarsa: lambarsa, irinsa, hanyar da zai bi, nisan da zai yi sama, da lokacin isowarsa. Ana aika wannan bayani ga duk cibiyar da zai ratsa yankinta. Idan ya kusa kan iyaka, sai jami'in Kano ya sanar da na Injamena lokacin da jirgin zai iso masa, ko dai ta waya ko kuma kwamfutocinsu su yi musayar saƙon. Daga nan sai a ce wa matuƙi ya juya rediyonsa zuwa tashar gaba. Kamar dai tseren miƙa sanda ne a wasannin makaranta: ba ka sakin sanda sai ɗan'uwanka ya riƙe.

To, idan sandar ta faɗi fa? Daren 1 ga Yuni, 2009, jirgin Air France mai lamba 447 yana kan tekun Atilantika, daga Riyo ta Burazil zuwa Faris, da mutum 228 a ciki. Cibiyar Burazil ce za ta miƙa shi ga ta Dakar, amma babu tsarin tafiyarsa a kwamfutar Dakar, don haka ta ƙi karɓar na'urar jirgin da ta nemi haɗuwa da ita. Jami'in Dakar ya shigar da bayanan da hannu, sai allonsa ya riƙa nuna inda ya kamata jirgin ya kai bisa lissafi, alhali ya riga ya faɗa teku.

Ƙanƙarar da ta toshe ma'aunin gudu da ruɗewar matuƙa ne suka kayar da jirgin. Sai dai gibin da aka samu tsakanin cibiyoyi ya sa an yi sa'o'i kafin a fara nema. Ba wanda ya tsira, kuma sai a 2011 aka gano gangar jikin jirgin a ƙasan teku.

Duk ɗalibin da wannan aiki ya burge shi, to ya riƙe lissafi da labarin ƙasa, ya kuma gyara Turancinsa, domin da shi matuƙa da jami'an ƙasa ke magana tsakanin ƙasashe.