Daga Disfensa Zuwa Mataimakin Masanin Magunguna

Magani da guba 'yan ɗaki ɗaya ne, awo ne kaɗai ya raba su. Wannan ne dalilin da ya sa tun 1930 aka buɗe makarantar koyon haɗa magunguna a Zariya, inda aka horar da disfensa domin ɗakunan shan magani na En'e.

Magajin disfensa a yau shi ne mataimakin masanin magunguna. Bisa al'ada shekara 3 yake yi a kwalejin fasahar kiwon lafiya, yana koyon lissafin awo, da adana magani, da karanta takardar likita, sa'an nan ya ci jarrabawar Majalisar Harkar Magunguna ta Nijeriya kafin a yi masa rajista.

Shin me ya kawo wannan tsauri? A 1990 gurɓataccen ruwan farasitamol ya kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan. To, a Kurya Madaro da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, inda likita ke da nisa, ran majiyyaci a hannun mai miƙa magani yake. Saboda haka wajibi ne hukuma ta tura 'ya'yan yankin wannan karatu, in sun gama kuma ta ɗauke su aiki a gida.