Sunayen Garuruwan Birnin Kudu Da Gwaram: Kada Mu Tilasta Musu Hausa

Duk wanda ya ɗauki jerin mazaɓun ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram ya karanta da natsuwa, zai ga sunayen sun kasu biyu. Akwai waɗanda ko yaro ya ji ya san ma'anarsu: Farin Dutse, Mai'aduwa, Lafiya, Yalwan Damai. Akwai kuma irin su Basirka, Sundumina, Fagam, Zandam da ita kanta Gwaram, waɗanda kunnen Bahaushe ya saba da su amma ba ya iya feɗe su. Damuwata tana kan kashi na biyun ne, da irin abin da muke yi musu.

Na farkon ba su da wahala. Mutum ya sari daji kusa da itacen aduwa, ko a gindin wani dutse mai haske, sai wurin ya ci sunan. Lafiya da Yalwa kuwa addu'a ce ta wanda ya baro wani wuri yana fatan samun sauƙi, shi ya sa da wuya a rasa su a kowace masarauta ta ƙasar Hausa. Gwaram Tsohuwa da Gwaram Sabuwa suna shaida cewa mazauni ɗaya ya haifi wani, suna kuma tuna wa ɗalibin nahawu cewa sunan gari tamata ne a Hausa, duk da kalmar "gari" namiji ce.

Birnin Kudu ya fi su jan hankali. "Birni" na nuna ganuwa da sarauta. To amma kudu da ina? Ga mutumin Ningi, garin yana arewa da shi ne. Idan muka bi zahirin lafazin, wanda ya raɗa sunan yana tsaye ne a wajen Kano yana duban iyakar ƙasarsa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci cewa Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) ya yi sansani a Kudu shekara guda da wata shida, daga nan Galadima Dawuda ya ci gaba da yaƙi a ƙasashen kudu har shekara bakwai. A hanyarsa ta dawowa, in ji littafin, ya kafa garuruwa 21, kowanne ya bar bayi 1,000 a ciki, rabi maza rabi mata. Ba sai mun gaskata lissafin ba. Abin lura shi ne, tun a ƙarni na 15 ana zaunar da mutanen da ba Hausa suke ji ba a kudancin Kano, kuma mutane ba sa barin harshensu a bakin ƙofar gari.

Kafin su ma akwai mutane a wurin. Zanen shanu da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda Bernard Fagg ya yi nazari a tsakiyar shekarun 1950 tare da duwatsun da ake kaɗawa su yi amo, yana nuna shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a yankin yau ba. Har yanzu kuma akwai masu jin Warjanci a ƙasar Birnin Kudu. Sannan a rabi na biyu na ƙarni na 19, hare-haren Ningawa sun mayar da wannan yanki bakin daga, musamman zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Ƙauyuka suka watse, mutane suka koma cikin garuruwa masu kafi da ganuwa.

Ƙasar da ta ga wannan duka ba za ta kasance da sunaye na harshe ɗaya ba. Kalmomin Hausa na asali, in ban da 'yan kaɗan, da wasali suke ƙarewa. Saboda haka idan ka ga Gwaram, Fagam da Zandam a ƙaramar hukuma ɗaya, duk suna ƙarewa da "m", ya kamata ka dakata. Barbarci yana da ɗafa-ƙeyar "ram" da ke nuna wuri, ga kuma Warjanci da danginsa na arewacin Bauchi a maƙwabta. Can ya kamata mai bincike ya fara leƙawa.

Abin da muke yi a maimakon haka sananne ne. A tara dattawa, a tambayi ma'anar sunan, sai a sami labarin wani maharbi ko wani sarki da ya tsaya a wurin ya furta wata jimla ta Hausa, wai ita ce ta lanƙwashe ta zama sunan garin. Labarin yana da daɗi, kuma yana da amfani, domin yana nuna yadda jama'a ke kallon kansu. Amma da zarar ɗalibi ya rubuta shi a kundin digiri, wani ya kwafa a takardar neman hakimci ko ta rikicin gona, ya zama hujja, kuma waɗanda suka fara saran dajin sun fita daga tarihin ke nan. Rubutunmu ma bai taimaka ba: ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, alhali su ne ke bambance kalmar aro da ta gida. Ko a takardun hukuma za ka ga Kwandiko a nan, Kondiko a can.

Aikin ba mai tsada ba ne. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, tare da Masarautar Dutse wadda yankin ke ƙarƙashinta, za su iya tura ɗalibai mazaɓa-mazaɓa da na'urar ɗaukar murya. A ɗauki sunan daga bakin Bahaushe, da Bafulatani, da Bawarje, kowa yadda yake furta shi, a haɗa da sunayen rafuka da duwatsu da kufai, domin su sun fi sunan gari jinkirin sauyawa. A fara da tsofaffin mata, waɗanda masu bincike suka saba wucewa su nufi ƙofar dagaci.